Fatar Danƙo a Kan Ƙotar Bindigar Iska: Me Ke Sa Ta Kama, Me Ke Sa Ta Saɓule?

Gabatarwa

Bahaushe yana da kalma ɗaya da yake kiran abubuwa biyu mabambanta da ita. Bokitin wanka roba ne, kujerun da ake jerawa a wurin biki na roba ne, haka kuma tayar keke da tiyub ɗinta duk roba ake ce musu. Amma ko yaro ya san idan aka ja tiyub zai miƙe ya koma yadda yake, alhali bokiti sai dai ya tsage. Domin kauce wa ruɗani, a cikin wannan maƙala za mu kira mai miƙewar da sunansa na asali, wato danƙo, mai taurin kuma mu kira shi filastik.

Abin da za mu duba shi ne abin da ke faruwa idan aka haɗa waɗannan biyun wuri guda. A ƙasashen Turai da Amurka da Japan, inda harbi da bindigar iska ya zama wasa mai ƙungiyoyi da gasa, masu irin waɗannan bindigogi sukan sayi danƙon da ke zuwa cikin gwangwanin feshi su fesa wa ƙotar bindigar, wato sashen da ake riƙewa a dafa a kafaɗa, domin ta daina santsi. Wani aikin yakan yi kyau ya daɗe, wani kuwa kafin a je ko'ina sai ya fara saɓulewa kamar saɓar maciji. Dalilin wannan bambanci darasi ne da ya haɗa ilimin halittu da na sinadarai, kuma yana da amfani ko ga wanda bai taɓa riƙe bindiga ba.

Bindigar iska da ƙotarta

Bindigar iska ba ta amfani da albarushi. Matsattsiyar iska ce ke tura ɗan ƙaramin harsashi, wanda mafi yawansa na dalma ne mai faɗin milimita 4.5. A wasu, sifirin ne ke tura fistan ya matse iskar a lokacin harbi. A wasu kuma akwai 'yar tukunya da ake cika ta da iska tun da farko, har matsinta ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 200 ko fiye. Akwai kuma wani reshe da ya samo asali a Japan cikin shekarun 1970, inda ake harba 'yan ƙwallayen filastik masu faɗin milimita 6 daga bindigogin da aka ƙera su yi kama da na gaske.

Harbi da doguwar bindigar iska ya shiga wasannin Olamfik a shekarar 1984 a birnin Los Angeles. Maharbi yana tsayawa a nisan mita 10, ɗigon tsakiyar abin da yake auna kuwa faɗinsa rabin milimita ne kacal. A irin wannan aiki, zamewar hannu da ido ba zai iya gani ba ta isa ta ɓata harbi. Riƙo yana da tasiri har ta kai dokokin gasar ta duniya sun hana a ƙara wa ƙotar doguwar bindigar iska wani abu mai ƙara ƙarfin riƙo, domin kada wani ya fi wani gata. Saboda haka masu fesa danƙo galibi masu harbin nishaɗi ne a ƙungiyoyinsu.

A da, da katako ake yin ƙota. A shekarar 1959 kamfanin Remington na Amurka ya fito da wata bindiga mai ƙotar nailan, daga baya kuma filastik ya mamaye masu sauƙin kuɗi, domin ba shi da nauyi, ba ya kumbura da damina, ba ya kuma tsagewa da rani. Aibinsa shi ne santsi, musamman idan hannu ya yi gumi.

Tafin hannu

Mai karatu ya dubi tafin hannunsa. Fatar da ke wurin ta bambanta da ta sauran jiki ta hanyoyi uku. Ba ta da gashi, ba ta da maɓuɓɓugan maiƙo, amma tana da ɗaruruwan maɓuɓɓugan gumi a cikin kowace murabba'in santimita, waɗanda ke buɗe bakinsu a kan 'yan kunyoyin nan da muke kira zanen yatsa. Gumin tafin hannu ya fi amsa kiran fargaba da zumuɗi a kan zafin rana. Shi ya sa ɗalibi ke jin hannunsa ya jiƙe a ɗakin jarrabawa ko da a tsakiyar hunturu ne, haka ma maharbi idan gasa ta yi zafi.

'Yar laima kaɗan tana tausasa fata ta ƙara mata riƙo, kamar yadda mai ƙirga kuɗi ke ɗan jiƙa yatsa. Idan laimar ta yi yawa sai ta zama shimfiɗa tsakanin fata da abin da aka riƙe, hannu ya zame. Katako yana ɗan shan gumin, amma filastik ba ya sha.

A shekarar 2009, wasu masana biyu na Jami'ar Manchester a Ingila, Peter Warman da Roland Ennos, sun auna yadda yatsa ke gogayya da filastik mai sulɓi. Sun gano cewa fatar yatsa tana aiki ne kamar danƙo: gwargwadon faɗin wurin da ta taɓa, gwargwadon ƙarfin riƙonta. Sun kuma lura cewa zanen yatsa yana rage wurin da ke taɓawar da kusan kashi ɗaya cikin uku. A nan ne amfanin fatar danƙo ya fito. Da yake tana da taushi, takan lotsa ta shiga tsakanin kunyoyin yatsa, wurin haɗuwa ya ƙaru, riƙo ya yi ƙarfi.

Abin da ke cikin gwangwani

Danƙo na asali farin ruwa ne da ke fita daga jikin wata bishiya 'yar asalin kurmin Amazon, mai kama da farin ruwan da muke gani idan an karya tumfafiya. A cikinsa akwai dogayen ƙwayoyin sinadari masu kama da zaren da ya cukurkuɗe. Ɗanyen danƙo yana narkewa da zafi, yana kuma sandarewa da sanyi. A shekarar 1839 Charles Goodyear ya gano cewa idan aka dafa shi da farar wuta, zaruruwan za su ƙulle da juna ƙulli na dindindin. Irin wannan ne danƙon taya, kuma saboda ƙullin nan ba za a iya narkar da shi a zuba a gwangwani ba.

Danƙon feshi na masana'anta ne, da yawansa kuma daga wani dangi suke wanda aka fara sayarwa cikin shekarun 1960. Kowane zare a cikinsa yana da tsakiya mai taushi da bakuna biyu masu tauri. Bakunan sukan taru su dunƙule su zama ƙulli, tsakiyar kuma ta riƙa miƙewa tana komawa. Amma wannan ƙulli zarge ne, ana iya kwance shi. Idan aka zuba danƙon a cikin ruwan narkarwa, dangin tinar da masu fenti ke amfani da ita, sai ƙullin ya kwance, komai ya zama ruwa. Da an fesa, ruwan narkarwar ya bi iska, sai ƙullin ya sake ɗauruwa, a sami fata mai miƙewa. Mafi shahara a cikin irin waɗannan kayayyaki shi ne Plasti Dip, na wani kamfani da aka kafa a jihar Minnesota ta Amurka a 1972, kuma tun farko don tsoma mariƙin filaya da makamantanta aka yi shi.

Shi kansa gwangwanin feshi, wani injiniya ɗan ƙasar Norway mai suna Erik Rotheim ne ya sami takardar mallakar fasaharsa. Bayan Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ta sa aka daina amfani da iskar da ke lalata rufin ozon na sararin sama, yawancin gwangwanaye sun koma amfani da furofen da butan, wato dangin gas ɗin girki.

Darasi daga tsaka

Yanzu mun zo ga zuciyar maganar. Danƙon feshi ba ya haɗewa da ƙota ya zama jiki ɗaya da ita. Kwanciya yake yi a kanta. Abubuwa biyu ne ke riƙe shi: shigarsa cikin 'yan ramuka da kaushin filastik ɗin, da kuma wani rarraunan jan juna da ke tsakanin ƙwayoyin sinadari idan sun kusanci juna matuƙa. Ana kiran wannan ja da sunan Johannes van der Waals, masani ɗan ƙasar Holan da ya sami kyautar Nobel a 1910.

Wannan ja ne ke riƙe tsaka a jikin bango. A ƙarƙashin yatsunta akwai dubban ɗaruruwan gashi ƙanana, kowanne ya rabu zuwa rassa masu yawa, ta yadda ƙafar ke kusantar bango a wurare marasa adadi. Binciken Kellar Autumn da abokan aikinsa a Amurka, a shekarun 2000 da 2002, shi ya tabbatar da haka. Jan yana aiki ne kawai idan kusancin ya kai matuƙa, don haka shimfiɗar maiƙo da ba ta kai kaurin da ido zai gani ba ta isa ta raba tsakani.

Har ila yau, filastik iri-iri ne, kuma ba duka ke da kwaɗayin abin da ya kwanta a kansu daidai ba. Masana suna auna wannan kwaɗayi da lamba. Nailan yana wajen 45, filastik ɗin da ake kira ABS yana wajen 40, folifurofilin, wanda ake yi masa alama da lamba 5 a cikin kusurwa uku a ƙasan mazubi, yana wajen 30, Teflon na cikin kaskon da abinci ba ya kamawa kuwa bai kai 20 ba. Ita kanta tsaka ba ta iya tsayawa da kyau a kan busasshen Teflon. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon wuyar da fenti ko gam ke sha kafin ya kama, shi ya sa ake sayar da wani shafin share fage na musamman domin irin su folifurofilin.

Akwai kuma matsala ta ɗaya ɓangaren. Filastik kamar ABS da folisitirin ba sa jure wasu daga cikin ruwan narkarwa. Idan aka malala musu feshi mai kauri a tashin farko, ruwan zai daɗe a kansu ya tausasa su, fuskar ta yamutse ko ta yi 'yan tsage-tsage. Nailan da folifurofilin sun fi juriya. Ke nan mataki na farko shi ne a san irin filastik ɗin da ke hannu, a kuma gwada a wani ɓoyayyen wuri na cikin ƙota.

Yadda ƙwararru ke gudanar da aikin

Da farko sukan tabbatar babu harsashi a ciki, sifirin ba a ɗane yake ba, an kuma cire tukunyar iska idan mai ciruwa ce. Sannan a kwance ƙotar a raba ta da ƙarfen bindigar. Ba a fesa wa kunama, ko makullin kariya, ko lambar shaidar bindiga, ko tukunyar iska, domin danƙo zai iya hana makulli motsi, zai kuma iya ɓoye tsatsa ko rubutun gargaɗi a jikin tukunyar da ke ɗauke da matsi mai haɗari.

Sai wanki, wanda shi ne rabin aikin. Ana wanke ƙotar da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a ɗauraye, a bari ta bushe sarai, sannan a goge da sifirit. Babban abokin gaba a nan shi ne man silikon, wanda masu bindigar iska ke shafa wa zobban da ke hana iska tsiyaya. Lambarsa tana wajen 20, ƙasa da ta ruwan feshin, saboda haka feshin yakan guje shi ya bar 'yan ramuka masu kama da idon kifi. Bayan wanki ba a sake taɓa ƙotar da hannu tsirara. Wanda ke son fatar ta zauna dindindin yakan ɗan goge fuskar da samfefa mai laushi domin a sami kaushi, wanda kuma ke son ya iya ɓare ta wata rana sai ya bar fuskar yadda take.

Ana rufe ramukan sukuru da wuraren da ƙarfe zai koma ya zauna da salatef, domin kaurin danƙo zai hana su daidaita. A girgiza gwangwani na minti ɗaya cur, a riƙe shi a nisan kamar taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Shafin farko yayyafi ne kawai, har ana hango filastik ɗin ta cikinsa, saboda dalilin da muka ambata a sama. A jira kimanin minti 30, a ƙara wani, har a yi huɗu ko biyar. Gaggawa aikin shaiɗan: idan aka yi shafi ɗaya mai kauri, samansa zai bushe ya kulle ruwan narkarwa a ciki, ya yi ƙuraje ko ya zubo. Idan kuma aka tsaya a shafi biyu, fatar za ta yi siriri, ta riƙa yagewa gutsi-gutsi. Salatef ɗin da ke bakin iyaka ana cire shi ne tun shafin ƙarshe yana ɗanye, in ba haka ba zai ɗago fatar tare da shi. Daga nan a bar ƙotar ta kwana ta wuni a wurin da babu ƙura kafin a mayar da ita.

Abin da ke cinye fatar

Tunda ƙullin zarge ne, duk abin da ya yi kama da ruwan narkarwa zai iya sake kwance shi. Fetur da kananzir da man goge bindiga suna tausasa danƙon ya yi yauƙi. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET sananne ne wajen lalata filastik da fenti iri-iri. Jikin mutum ma yana ba da nasa. Tafin hannu ba shi da maiƙo, amma fuska cike take da maɓuɓɓugansa, kuma maharbi yana ɗora kuncinsa ne a kan ƙota. Daɗin daɗawa, gefuna da kusurwoyi su ne ke fara ɗagowa, domin a nan ne hannu ke samun bakin fatar ya tura ta.

Ƙarin riƙo ma ba kullum yake zama alheri ba. Bindiga mai sifirin tana motsi baya da gaba tun harsashi bai bar bututu ba, don haka masu ita sukan riƙe ta sako-sako, su bar ta ta yi motsinta iri ɗaya a kowane harbi. Wanda ya sauya fatar ƙota ya sauya yadda take zamewa a tafinsa, sai ya sake daidaita saitinsa.

Huhu da ƙwaƙwalwa

Kaso mafi girma na abin da ke cikin gwangwani iska yake bi, mai fesawa kuma yana tsaye a cikin iskar. Sinadaran narkarwa irin su toluwin da zailin suna narkewa cikin kitse. Daga huhu sukan shiga jini cikin sauri su isa ƙwaƙwalwa, wadda kaso mai yawa nata kitse ne, har da rigar da ke lulluɓe da jijiyoyi. Alamun farko su ne jiri da ciwon kai da tashin zuciya. Shaƙa ta tsawon lokaci tana iya lalata jijiyoyi da ji da tunani. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin sholishon da masu faci ke liƙe tiyub da shi danƙo ne da aka narkar a irin wannan ruwa, kuma mun ga yadda yake mayar da matasan da suka ɗauki shaƙarsa ɗabi'a. Butan kuma, idan aka shaƙe shi da yawa, yana iya rikita bugun zuciya ya kashe mutum nan take, ko da karon farko ne.

Saboda haka a fili ake wannan aiki, ko a wurin da iska ke ratsawa. Takunkumin ƙura na takarda ko na ƙyalle ba ya tare tururin sinadari, sai irin mai ɗauke da gawayi na musamman. Tururin ya fi iska nauyi, yakan bi ƙasa ya tarar da murhu ko janareta ko taba ya kama da wuta. Gwangwanin kansa ba a barin sa a wurin da zafi zai haura digiri 50, kamar cikin motar da aka rufe a rana, ba a kuma huda shi ko jefa shi a wuta ko da ya ƙare.

Launi da doka

Danƙon feshi yana rufe launi, wani launin kuwa an sa shi ne don ceton rai. A Amurka, wata doka ta 1988 ta wajabta wa masu ƙerawa da sayar da bindigogin kwaikwayo su sa musu alama, mafi yawa launin ruwan lemo mai haske a bakin bututu. A Birtaniya, dokar 2006 ta taƙaita sayar da masu kama da na gaske, ta kuma mayar da shi laifi mutum ya sauya bindigar kwaikwayo mai launi mai haske ta koma kamar ta gaske. A ranar 22 ga Nuwamba 2014, a birnin Cleveland na jihar Ohio, ɗan sanda ya harbi wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Tamir Rice, wanda ke wasa da irin wannan bindiga da babu alamar a bakinta. Yaron ya rasu washegari. Duk wanda ya fesa baƙin danƙo a kan irin wannan alama ya cire abin da zai bambanta kayan wasa da makami a idon mai kallo daga nesa.

A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta lissafa bindigar iska cikin makaman da sai da lasisi ake mallakarsu. Kada ɗalibi ya ɗauke ta abin wasa. Harsashinta yana fasa ido, yana kuma iya kisa.

Gwajin da za a iya yi a aji

Malami zai iya nuna wannan darasi ba tare da bindiga ko gwangwani ba. A samo gilashin da aka wanke tas, da murfin mazubin filastik mai lamba 5, da wani gilashin da aka shafa wa ɗan man gyaɗa. A ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kan kowanne, ɗalibai su duba ta gefe. A kan gilashi mai tsabta ruwan zai baje, a kan sauran biyun kuma zai dunƙule. Sannan a liƙa salatef a kan kowanne a ɓare, a kwatanta ƙarfin da aka sa. A ƙarshe ɗalibi ya goga yatsa a gefen hancinsa, ya dangwala a kan gilashin mai tsabta, a sake gwada salatef a wurin.

Kammalawa

Mun ga cewa danƙon feshi fata ce da ke kwance a kan filastik, rarraunan ja da ɗan kaushi ne kawai ke riƙe da ita. Daga wannan ne sauran ƙa'idojin suka fito: a san irin filastik ɗin, a kawar da maiƙo, a yi shafi siriri sau da yawa, a nisanta fatar da mai da fetur. Ƙa'idojin nan su ne dai ke aiki idan za a shafa danƙo a mariƙin filaya, ko a yi wa bambar mota fenti, ko a liƙe tsagaggen bokiti. Abin da ya rage ga mai aikin shi ne ya kare huhunsa, ya kuma bar kowace alamar gargaɗi a buɗe yadda maƙerinta ya bar ta.